Baƙo da Ɗan Gari a Batsari da Safana: Tarihin Gudun Hijira a Yammacin Katsina da Haƙƙin Maƙwabtaka

Tsakure

Wannan muƙala ta bi sawun masu gudun tsira da rai zuwa garuruwan Batsari da Safana, tun daga yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19 har zuwa ta'addancin 'yan bindigar daji na shekarun nan. Ta duba yadda saukar baƙi take sauya fasalin unguwa, da yadda zuciyar mai masauki take juyawa daga tarba zuwa gajiya, wani lokaci har zuwa zargi. Daga nan ta auna wannan hali da abin da ya gudana a Madina bayan Hijira, domin nuna cewa karamcin ɗaiɗaikun mutane ba ya ɗorewa sai hukuma da malamai sun tallafe shi da tsari.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, wanda aka fitar daga garinsu, Allah Ya ba shi masauki a wani.

Duk wanda ya zauna a Batsari ko Safana daga shekarar 2019 zuwa yau ya san wani yanayi da ba a saba gani ba a da. Da la'asar sakaliya sai a ga mata da yara sun jero daga ƙauyuka, wasu da tabarma da tukunya a ka, wasu kuwa ba su ɗauko komai ba sai goyo. Za su kwana a zauren wani ɗan'uwa, ko a ajin makarantar firamare, ko a kangon da ba a yi wa rufi ba. Wasu da safe su koma gona, wasu kuma komawar ke nan ba su sake yi ba. Rubuce-rubucen da aka yi a kan wannan musiba sun fi karkata ga maharan da waɗanda aka kashe. Kaɗan ne suka kula da abin da yake faruwa bayan mai gudu ya iso, ya zama maƙwabcin wanda bai shirya masa ba. Wannan shi ne abin da muƙalar take son dubawa, domin a nan ne ake jarraba 'yan'uwantakar Musulunci a aikace.

2.0 Shin Wannan Gudu Hijira Ce?

Wasu ɗalibai sukan yi tambaya a kan dacewar lafazin "'yan gudun hijira", ganin cewa mutanen nan ba daga ƙasar kafirci suka fito zuwa ƙasar Musulunci ba. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi al-Maliki ya warware wannan a littafinsa Ahkamul Ƙur'an, Ƙurɗubi kuma ya naƙalto daga gare shi a tafsirin aya ta 100 ta Suratun Nisa'i. Ya kasa fita daga gari domin gudu zuwa kashi shida: fita daga ƙasar yaƙi, da ƙasar bidi'a, da ƙasar da haram ta rinjaya, da gudun cutarwa a jiki, da gudun ƙasa mai sa rashin lafiya, da gudun cutarwa a dukiya. Manomin da ya bar ƙauyensa a bakin Dajin Rugu saboda kisa da garkuwa da mutane da kore shanu ya shiga kashi na huɗu da na shida a lokaci guda. Saboda haka fitarsa fita ce da shari'a ta yarda da ita, bai cancanci a kalle shi a matsayin rago ko maƙi aiki ba.

3.0 Gudun Farko: Ƙasar Ruma a Ƙarni na 19

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Birnin Katsina wajen shekarar 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗankasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Tun daga nan yammacin Katsina ya zama bakin daga. A shekarar 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara a kan Gobirawa da Maraɗawa a Gawakuke, amma hakan bai kashe wutar ba, domin Gobirawa sun sake kafuwa a Tsibiri, kusa da Maraɗi, hare-hare suka ci gaba. A ƙarshen zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, wanda aka tuɓe a 1844, an yi tawaye a yankin Ruma da goyon bayan Ɗanmari na Maraɗi. Da aka murƙushe shi garuruwa da yawa suka watse, daji ya rufe kufayensu. Wani sashe na dajin da ake tsoro yau gonaki ne da gidajen mutane a wancan zamani.

A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa ƙasar Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Saboda tsoron rundunar Gobirawa sai suka kewaya ta Kurfi da Zakka, wadda take cikin ƙasar Safana a yau, kafin su keta daji zuwa Zurmi. Abin da ya gani shi ne garuruwa masu ganuwa da gwalalo, jama'a sun cunkushe a cikinsu, a tsakaninsu kuwa jeji ne da kufai. Ashe ke nan mutanen da suka cika waɗannan garuruwa masu ganuwa, da yawansu masu gudu ne daga wuraren da aka tarwatsa.

Akwai abin lura a tsarin wancan zamani. Siyasar ribaɗi ta Muhammadu Bello ta ginu a kan tara jama'a a garuruwan kan iyaka domin su zama garkuwa. Sarkin gari yana bukatar hannun da zai gyara ganuwa, ya riƙe baka, ya yi noma. Don haka baƙo riba ne a wurinsa. Idan ya iso akan kai shi ga mai unguwa, a yanka masa fegin gini da gona, kafin shekaru kaɗan ya zama ɗan gari, 'ya'yansa su auri 'ya'yan masu masaukinsa. Sarautar Sarkin Ruma, wadda hakimin Batsari yake riƙe da ita, da sunan jarumi Ɗanwaire da har yau ake ambato, duk gadon wannan zamani ne na tsaron iyaka.

4.0 Daga Cikin Ganuwa Zuwa Bakin Daji

Da Turawan Ingila suka ci Katsina a 1903, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Faransawa, yaƙi da Maraɗi ya ƙare. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944) da bayansa, jama'a suka fara fita daga ganuwa suna saran daji, suna kafa ƙauyuka da unguwanni kusa da gonakinsu. Fulani makiyaya ma suka yawaita a yankin, musamman a gandun dajin Ruma da Kukar Jangarai, inda aka yi aikin raya makiyaya a shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965. Yawan jama'a ya ƙaru, gona ta shiga burtali, makiyaya ta tsuke, shari'ar ɓarna ta yawaita a gaban hakimai da alƙalai, kuma ba kullum ne aka yi adalci a cikinta ba.

Ma'anar wannan ita ce ƙauyukan da aka watse a shekarun nan, da yawansu jikokin mutanen cikin ganuwa ne suka kafa su. Mai gudun da ya iso Batsari daga bakin daji, sau da yawa gidan kakanninsa ya dawo, ko da yake ya tarar da filin ya riga ya zama na wani.

5.0 Gudu na Biyu

Satar shanu da makami ta yi ƙamari a Zamfara tun wajen 2011, ta tsallako Katsina ta Dajin Rugu. Kisan gillar da aka yi a Faskari da Sabuwa a watan Maris na 2014 shi ya fara nuna girman abin. Ƙananan hukumomi takwas ne aka fi sani da zama a bakin daga: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Ɗandume da Sabuwa. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, jama'a suka ɗauki gawarwakin har ƙofar fadar Sarkin Katsina. A watan Satumba na wannan shekara Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga sulhu da shugabannin 'yan bindiga, amma sulhun bai jima ba. A ranar 14 ga Fabrairu 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar, a ranar 18 ga Afrilu kuma aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsin-ma da Safana. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka taƙaita cinikin dabbobi da sayar da man fetur a jarka, abin da ya ƙuntata wa maharan, ya kuma ƙuntata wa talakan da yake ciyar da baƙi.

Masu gudu sun kasu. Wasu sun tsaya a Batsari da Safana da Runka, wasu suka wuce Dutsin-ma da Birnin Katsina. Dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato kuma suka tsallaka jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda iyalai suka fara saukar da su a gidajensu, kafin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Maraɗin da kakanni suka gina ganuwa domin tsoronta, ita ce ta shimfiɗa wa jikoki tabarma.

6.0 Yadda Unguwa Ta Sauya

Abu na farko da ya sauya shi ne gida. Zauren da aka gina domin karatu da karɓar baƙin kwana ɗaya ya zama ɗakin iyali. Gidan da yake dafa kwano ɗaya ya koma dafa uku daga rumbu guda, alhali mai gidan shi ma gonarsa ta nesa ta gagari zuwa. Kangaye da shagunan da ba a gama ba suka cika, kuɗin hayar ɗaki ya tashi. Inda aka saukar da mutane a makarantar firamare, karatun yaran gari ya tsaya ko ya raunana.

Abu na biyu shi ne abin masarufi. Layi ya yi tsawo a rijiyar burtsatse, kuma a nan ne mata da 'yan mata suka fi samun saɓani. Itacen girki ya yi tsada domin shiga daji ya zama sayar da rai. Hatsi da rogon da ƙauyuka suke kawowa kasuwa sun ragu, masu saye kuwa sun ƙaru. Ladan ƙwadago ya faɗi, domin mai jin yunwa yakan karɓi rabin abin da ɗan gari ya saba karɓa, sai talakan gari ya ga kamar baƙo ne ya ƙwace masa abinci.

Abu na uku shi ne mutunci. Matan da a ƙauyensu ba a ganin ko inuwarsu a waje sun fito surfe da wankau da bara a ƙofofin masallatai. Magidancin da yake fitar da zakkar dami ya zama mai jiran a ba shi. Marayu da zawarawa sun yawaita, talla ta ƙaru, an kuma ga aurarrakin gaggawa da yunwa ta ƙulla. Mas'aloli suka taso wa limamai: matar da aka tafi da mijinta daji ba a ji ɗuriyarsa ba, yaushe za ta yi idda? A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓata a ƙasar Musulmi takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara an kuma kasa samun labarinsa, sannan ta yi takaba, matuƙar akwai abin ciyar da ita daga dukiyarsa, in babu kuwa tana da haƙƙin neman rabuwa saboda rashin ciyarwa. Hukuncin kamamme daban ne, na wanda ya ɓata a faɗan fitina tsakanin Musulmi shi ma daban. Tantance wanne ne ya hau kan kowace mace aikin alƙali ne, amma mace baƙuwa da ba ta san kowa ba da wuya ta kai gabansa in ba wanda ya ja ta.

7.0 Martanin 'Yan Gari

Adalci ne a fara da cewa mafi yawan masu gudu ba a sansanin hukuma suka zauna ba. Gidajen talakawa ne suka ɗauke su. 'Yan'uwantaka ta jini da ta aure da ta kasuwa ta yi aikin da hukuma ba ta yi ba, kuma Allah ne kaɗai Ya san adadin tuwon da aka raba a ɓoye.

Sai dai Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. An tarbi mutanen nan bisa zaton za su kwana biyu su koma. Da wata ya zama shekara, sai gajiya ta shigo. Ana jin ta a ƙorafin uwargida a kan madafi da makewayi, da a ƙorafin matasa a kan aiki. Ana jin ta kuma idan kayan agaji suka zo aka ce na 'yan gudun hijira ne kaɗai, alhali wanda ya ciyar da su wata shida rumbunsa ya ƙare, sunansa kuma ba ya cikin takarda. Wannan rabo da ya manta da mai masauki ya haifar da hassada tsakanin mabukata biyu.

Mataki mafi haɗari shi ne zargi. Da aka gane cewa maharan suna da masu kai musu labari a cikin gari, sai kalmar "infoma" ta zama wuƙa. Baƙon da ba a san asalinsa ba shi ne na farko da ake nunawa da yatsa. Abin ya fi tsanani a kan Fulanin da su ma aka kore musu shanu, suka gudo daga daji. A daji maharan suna ganin su maciya amana, a gari kuma 'yan sa-kai suna ganin su 'yan leƙen asiri, har shiga kasuwa ta gagari wasunsu. Tsoron 'yan gari yana da tushe, domin an kama masu kai labari na haƙiƙa. Amma Suratul Hujurat ta wajabta bincike a kan labarin fasiƙi, ta kuma hana yawan zato, kuma babu wata larura da take halatta kama mutum da laifin ƙabilarsa.

8.0 Abin da Madina Ta Koyar

Akan kawo ƙissar Ansar a wa'azi kamar babu komai a cikinta sai fifita baƙo a kan kai, wanda aya ta 9 ta Suratul Hashri ta yabe su da shi. Wannan gaskiya ne, amma sira ta nuna cewa Manzon Allah (SAW) bai bar nauyin a kan kyawun zuciya kaɗai ba.

Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin mutum da mutum, ta yadda kowane baƙo yana da wanda aka sani yana tsaye a kansa. Waɗanda ba su da kowa aka ba su Suffa a masallaci, ciyar da su ta zama nauyin jama'a. An buɗe musu hanyar neman na kai, kamar yadda Abdurrahman bin Auf ya yi godiya ga tayin Sa'ad bin Rabi'i, ya nemi a nuna masa kasuwa. A shekara ta 4 bayan Hijira aka raba dukiyar Banun Nadir ga Muhajirai, aka haɗa da wasu mabukata kaɗan daga Ansar, nauyi ya ragu a kan masu masauki ba tare da an manta da talakansu ba. Bayan Khaibara a shekara ta 7, Muhajirai suka mayar wa Ansar itatuwan dabinon da suka ara musu. Gadon da ake yi ta hanyar 'yan'uwantakar ma an shafe shi, aka mayar da shi ga dangi.

Madina ba ta rasa mai hura wutar ƙin baƙo ba. A yaƙin Banul Musɗaliƙ, rigima a bakin ruwa tsakanin mutum biyu ta kusa zama faɗan Muhajirai da Ansar, Abdullahi bin Ubayyu kuma ya yi amfani da ita yana zuga mutanensa su daina ciyar da baƙi har su watse, kamar yadda Suratul Munafiƙun ta tona. Mai karatu zai lura cewa a bakin ruwa abin ya fara, kamar dai a layin burtsatse.

A shekarar Toka, ta 18 bayan Hijira, larabawan ƙauye suka kwararo Madina saboda fari. Sayyidina Umar (RA) ya naɗa masu kula da su a sassan gari, ya rubuta wa gwamnoninsa neman abinci, ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara, ya kuma haramta wa kansa man shanu har jama'a su samu. Da ruwa ya sauka sai ya sallame su zuwa garuruwansu da guzuri. Fiƙihu ya gina a kan irin wannan. Malikiyya sun wajabta bayar da rarar abinci da ruwa ga wanda ya matsu, Mukhtasar na Khalil ya ɗora lamuni a kan wanda ya hana har matsattsen ya halaka. Ibn Hazm a cikin Muhalla ya tafi a kan cewa idan zakka ba ta isa ba, wajibi ne mawadatan kowane gari su ɗauki abinci da tufafi da matsugunin matalautansa, shugaba kuma ya tilasta musu.

9.0 Kammalawa

Bambancin gudun farko da na biyu a ƙasar Ruma da Safana shi ne ƙasa. A ƙarni na 19 mai gudu yakan sami fegi da gona, ya narke cikin gari. Na yau ya iso garin da babu filin da ba shi da mai shi, gonarsa kuma tana hannun wanda ya kore shi. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, da zaman sulhun da aka yi a Batsari da Jibiya da wasu maƙwabtansu a 2025, sun ba wasu damar komawa gona. Amma sulhun 2019 ya koya mana kada a yi saurin naɗe tabarma, kuma akwai zawarawa da marayun da ba su da inda za su koma ko da daji ya lafa.

Saboda haka muƙalar tana ba da shawara cewa kowane mai unguwa da limaminsa su san baƙin da suke unguwarsu da ƙauyen da suka fito, a haɗa kowane iyali da wani ɗan gari da zai tsaya musu, domin wannan yana ba ɗan gari natsuwa, yana kuma kare baƙo daga ƙazafi. Kwamitocin zakka da waƙafi da masu kawo agaji su riƙa lissafa gidan da ya sauki baƙi cikin masu haƙƙi. Hakimai da ƙananan hukumomi su nemi hanyar aron gona da fegi ga waɗanda komawa ta gagara. Alƙalai da malamai su fitar da bayani mai sauƙi a kan hukuncin matan ɓatattu da kamammu, a karanta shi a masallatan Juma'a. Masu huɗuba kuma su tunatar da mutanen Batsari da Safana tarihin garuruwansu, domin da yawa daga masu amsa sunan 'yan gari yau, kakanninsu da tabarma a ka suka shigo ƙofar ganuwa, wani ya buɗe musu zaure.

Allah Ya mayar da kowane mai gudu gidansa cikin aminci, Ya saka wa masu masauki da mafificin alheri. Allah ne Mafi sani.